Wandon Jins a Kuala Lumpur: Awo Kafin Suna

Bahaushe bai taso da sayen wando ɗinkakke ba. Abin da ya sani shi ne ya yanko shadda ko yadi a Kantin Kwari, ya kai wa tela, a zagaya shi da tef, a rubuta awonsa a littafi. Ko telan ya kuskure inci ɗaya ko biyu, wandon kaftani yana da tazuge, yana da yalwar hantsa, ga riga ta sauko ta rufe komai. Mai tumbi da siriri suna iya shiga wando guda su fita lafiya. Wandon jins bai san wannan yafiyar ba. An riga an yanka shi an ɗinka a wata masana'anta a Bangladesh ko Biyetnam ko Sin, bisa jikin wani mutum da masu zane suka ƙiyasta, kuma babu doguwar rigar da za ta rufa masa asiri. Aikin da tela ya saba yi maka ya dawo wuyanka: kai za ka san awonka, kai za ka san yadin.

Wannan ya fi fitowa fili ga 'yan uwanmu da ke Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya: ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, da na Universiti Malaya, da na Universiti Putra Malaysia a Serdang, da 'yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya, da masu zuwa ziyara. Kaftani yana nan don Juma'a da Sallah da taron 'yan gida, amma ranakun zirga-zirga da hawa jirgin ƙasa da tsallake ruwan sama, jins ne abokin tafiya. Birnin ya tara shi a kowane farashi, daga tulin gwanjo a Chow Kit har kantunan Pavilion da Suria KLCC, inda wando guda kan ci kuɗin hayar ɗakin ɗalibi. Tsakanin waɗannan wurare tashoshin jirgi kaɗan ne. Yawan zaɓin shi ke ruɗa mai saye, ya kama suna ya saki awo. Alhali abu uku ne ke sa wando ya karɓi mutum kuma ya daɗe a jikinsa: yanka ya dace da ƙira, yadi ya dace da zafin gari, ɗinki ya yi ƙwari. Sunan kamfani na huɗu ne, kuma shi ya fi cin kuɗi.

Fara da yadin

Jins tufar leburori ce tun asali. A ranar 20 ga Mayu, 1873, wani tela mai suna Jacob Davis na garin Reno da ɗan kasuwa Levi Strauss na San Francisco suka sami takardar mallakar fasahar dasa ƙananan ƙusoshi a bakin aljihun wandon aiki, don kada ya yage a jikin masu haƙar ma'adinai da sauran masu aikin ƙarfi. Ƙusoshin suna nan har yau a kusurwar aljihunka. Yadin ne ya canza: yanzu akwai mai kauri da marar kauri, akwai auduga zalla, akwai mai gauraye.

Juya ƙafar wandon ka duba. Waje shuɗi, ciki fari-fari. Dalili shi ne zaren tsaye kaɗai ake rinawa, a bar na kwance fari, sannan a saƙa su ta yadda na tsayen zai hau kan zare uku ya nutse ƙarƙashin ɗaya. Shi ya sa ake ganin layuka a karkace a fuskar yadin. Rinin kuwa namu ne na gida, baba. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ake tsoma yadi a ɗaga shi ya sha iska, ya fito kore-kore ya rikiɗe shuɗi a kan idonka, a sake tsomawa har launin ya kama. Haka masana'antu ke yi wa zaren jins, sai dai da shunin da aka haɗa a ɗakin kimiyya, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. A irin wannan rini, launin ba ya ratsa zare har tsakiya, a samansa yake zama. Saboda haka jins yake koɗewa a inda jiki ke gogarsa, gwiwa da cinya da bakin aljihu, kuma koɗewar ba aibi ba ce. Saboda haka ne kuma sabon wando mai duhu yake zuba: zai shafi farar riga, da farin takalmi, da jallabiyar da aka haɗa su wanki. Kafin ka biya, goga farin hankici a cinyar wandon. In ya fito da shuɗi sosai, wankin farko da na biyu shi kaɗai za a yi masa.

Sai nauyi. Ana auna yadin jins da oza a kan kowane yadi murabba'i. Ƙasa da oza 12 marar nauyi ne, 12 zuwa 16 matsakaici, abin da ya haura haka mai nauyi. Kuala Lumpur ba ta da hunturu. Da rana zafi yana kaiwa digiri 32 ko 33 kusan duk shekara, iska cike da laima, ga ruwan la'asar mai zuwa ba sallama. Bazarar Sakkwato ta fi haka zafi a ma'auni, amma busasshiya ce, gumi yana fita yana bushewa. A nan gumi zama yake yi. Wando mai oza 15 da ya yi maka daɗi cikin sanyin kanti, da ka fito titi zai manne maka, ruwa ya dake shi ya ƙi bushewa, ya bar ka da ƙaiƙayin matsematsi. Oza 10 zuwa 12 ya fi dacewa da garin. In ba a rubuta nauyin ba, damƙi ƙafar wandon a tafin hannu ka saki. Wanda ya tsaya ƙiƙam ya yi kauri, wanda kuma kake hango hasken fitila ta cikinsa ba zai yi nisa ba.

Daga nan nemi 'yar takardar da aka ɗinke a ciki, wadda mutane ba sa karantawa. Auduga ɗari bisa ɗari ta fi ƙarko da shan iska, sai dai tana ɗaukar makonni kafin ta saba da jiki. Auduga kashi 98 ko 99 tare da kashi ɗaya ko biyu na zaren talewa, wanda ake rubutawa elastane ko spandex, tana ba da sauƙin zama da tsuguno. In ka ga foliyesta ta yi yawa, ajiye shi: zai riƙe zafi, zai riƙe wari. Ka kuma sani zaren talewa yana mutuwa. Shi ne yake sa gwiwar tsohon wando ta yi buhu, cinyarsa ta cukurkuɗe ta ƙi komawa.

Lambar da ke bayan wando

Kowa yana da lambar da ya haddace: "Ni 32 nake sawa." Lambar nan ƙiyasi ce. Kamfanoni da yawa suna rubuta 32 a wandon da in ka ɗora tef za ka sami inci 33 ko 34, don mai saye ya ji bai yi ƙiba ba. Wasu kuma nasu ya fi tsuka. Kayan da ake jerawa a kantunan Malesiya, musamman na cikin gida da na yankin, an yanka su ne da la'akari da jikin mutanen yankin, don haka sau da yawa ƙugu zai shiga amma cinya ta ƙi, ko ƙafa ta tsaya saman idon sawu.

Maganin abin yana cikin akwatinka. Ɗauko wandon da ya fi yi maka daidai, ka ɓalla maɓallinsa, ka shimfiɗa shi a kan gado, ka auna wurare biyar. Ƙugu, daga gefe zuwa gefe, ka ninka biyu. Cinya, daga mahaɗar ƙafafu zuwa gefen waje. Tsayin hantsa, daga mahaɗar zuwa saman maɓalli. Tsawon ƙafa ta ciki, daga mahaɗar zuwa kalmasa. Sai faɗin bakin ƙafa. Rubuta su a waya, ka sa ƙaramin tef a aljihu. Da waɗannan lambobi biyar za ka iya sayen wando a rumfar da ba ta da ɗakin gwaji, da kasuwannin intanet irin su Shopee da Lazada, inda mai sayarwa na kirki yake sa jadawalin awo.

Akwai dabarar 'yan kasuwa ta zagaya ƙugun wando a wuya, in bakin biyu suka haɗu a ce zai shiga. Tana kamanta ƙugu, amma ba ta san komai game da cinya ba, kuma cinya ce ke yanke hukunci. Tela yana iya rage tsawo, yana iya tsuke ƙugu da inci ɗaya ko ɗaya da rabi ta ɗinkin baya, yana iya tsuke ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba ya iya ƙara yadi a cinya, ba ya iya ƙara tsayin hantsa. To ka sayi wandon da ya ɗauki cinyarka da mazaunanka, sauran a bar wa keke.

Kowace ƙira da yankanta

Lambobin Levi's, kamfanin Levi Strauss, sun zama ma'aunin da ake kwatance da shi ko a kantin da ba nasu ba, don haka sanin su yana da amfani. 501 da 505 miƙaƙƙu ne daga cinya har ƙasa, na farko da maɓallai, na biyu da zif. 511 mai matsakaicin tsuki ne. 510 shi ne wanda samari ke kira fensir. 502 da 541 suna da yalwa a sama, su tsuke a hankali zuwa ƙasa, kuma 541 ya fi yalwar cinya.

Mai cikar cinya da mazaunai amma ƙugunsa bai kai su ba, irin ƙirar 'yan ƙwallo wadda da yawa daga cikin samarinmu suke da ita, shi ya fi shan wahala a Kuala Lumpur. In ya bi ƙugu, cinya ta matse har aljihu ya buɗe baki. In ya bi cinya, ƙugu ya yi rami a baya. Nasa shi ne mai yalwar sama mai tsukewa a ƙasa, da ɗan zaren talewa. In bai samu ba, ya ƙara lamba ɗaya a miƙaƙƙe, tela ya tsuke ƙugun. Fensir a wannan jiki kwanansa kaɗan ne, domin gogayyar cinya da cinya tana cinye yadin da ke a miƙe.

Mai tumbi yakan yi ɗaya daga cikin kuskure biyu. Ko ya sayi mai gajeriyar hantsa ya ɗaura ƙasan ciki, tumbin ya riƙa tura shi ƙasa yana jawowa sama duk taku goma, ko ya sayi burgujeje da nufin ɓoye jiki, ya ƙara wa kansa girma. Abin da ke karɓarsa shi ne mai doguwar hantsa wanda ke zama kusa da cibiya, miƙaƙƙe ko mai ɗan tsukewa a ƙasa, launi mai duhu ba tare da farin koɗewa a cinya ba, domin farin nan yana jan ido zuwa inda ya fi faɗi.

Siriri yana da sauƙi, kusan kowane yanka yana shigarsa. Ya dai kula da iyaka biyu: fensir yana mai da ƙafarsa tsinke, mai yalwa sosai kuma ya haɗiye shi. Matsakaicin tsuki ko miƙaƙƙe marar faɗi ya ishe shi, kuma yadi mai ɗan jiki yana ƙara masa cika.

Gajere ya zo garinsa, domin tsawon da ake jerawa yana kusa da nasa. Babban abokin gabarsa shi ne tarin yadi a kan takalmi. A rage tsawon har kalmasa ta taɓa saman takalmi da ƙyar. In an yanke inci uku ko huɗu daga wando mai tsukewa, bakin ƙafar zai dawo da faɗi, sai a ce wa tela ya sake tsuke shi. Dogo kuwa sai ya yi haƙurin nema. Ya duba lamba ta biyu a takardar baya, wadda ke nuna tsawo, ya nemi 34 ko sama, ya fi mai da hankali ga kantunan kamfanonin Amurka da Turai da gwanjon da ya fito daga can. Ya kuma bar rarar inci guda, domin auduga tana shiga bayan wanki.

Gwajin da madubi ba ya yi

Mafi yawan mutane a tsaye suke gwada wando, su juya hagu su juya dama su biya. Musulmi yana ruku'u da sujada da zaman tahiya sau da dama a yini, kuma kusan kowane babban kanti a Kuala Lumpur yana da ɗakin salla, don haka a cikin wandon nan za ka yi Azahar da La'asar. Yi gwajin tun a ɗakin gwaji. Sunkuya kamar mai ruku'u, ka kai hannu baya ka ji ko ƙugu ya zame ya bar tsatso a waje. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahu na biyu ya san abin da gajeriyar hantsa da gajeriyar riga ke yi wa na gabansa. Tsuguna har ƙasa, domin bayan gida na tsuguno yana da yawa a garin. Zauna a kan ƙafarka ta hagu ka ji ko jini yana gudu. Naɗe ƙafar wandon zuwa ƙauri kamar mai alwala: in ta ƙi wuce idon sawu, kullum za ka shiga salla da jiƙaƙƙen wando. Sa yatsu biyu tsakanin ƙugu da ciki, su shiga ba tare da hannu duka ya bi su ba. Sa wayarka a aljihun gaba ka zauna. Mai ɗage wando sama da idon sawu ya faɗa wa tela tun kafin almakashi ya taɓa yadin, ya kuma je da takalmin da ya saba sawa.

Launi ma yana da alaƙa da inda za ka shiga. Ofisoshin gwamnati da jami'o'in Malesiya suna da dokokin sutura, kuma wandon da aka yayyaga gwiwarsa da sunan ado yana iya sa mai gadi ya mayar da kai daga bakin ƙofa. Wasu wuraren ma ba sa karɓar jins ko wane iri, sai ka duba dokar makarantarka. Mai wando ɗaya ya sayi shuɗi mai duhu ko baƙi, marar yaga, marar zane a aljihu.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Mai ƙasa da ringgit 50, kuɗin Malesiya, ya nufi gwanjo, wanda a can ake kira shagunansa bundle. Malesiya tana shigo da tsofaffin tufafi masu yawa daga Japan da Koriya da Ostareliya da Amurka, kuma sayen su ba abin kunya ba ne a wurin samarin garin. Akwai shagunan a Chow Kit, akwai su a kasuwannin dare, akwai manyan rassa irin na Jalan Jalan Japan a kewayen birnin. Wanda ya saba da gwanjon Ƙofar Wambai ba ya buƙatar darasi, sai tuni. Ɗaga wandon ka kalli haske ta mahaɗar ƙafafu, nan yake fara mutuwa. Zura hannu cikin aljihu har ƙasa. Ja zif sama da ƙasa sau uku. Duba kalmasar baya ko dunduniya ta cinye ta. Shinshina, domin warin fumfuna ba ya fita da sauƙi. Kada ka yarda da lambar baya ko kaɗan: wandon ya sha wanki ya shiga, mai shi na farko kuma wataƙila ya rage tsawonsa. Kayan Japan sukan zo da tsabta amma ƙanana. A gwanjo auduga zalla ta fi, tunda zaren talewa ya riga ya ci rabin kwanansa. In kuma ka ci karo da tsohon Levi's wanda 'yar jar alamar aljihunsa ke ɗauke da babban baƙin E, wataƙila irin wanda aka yi kafin 1971 ne, kuma masu tara irinsa suna biyan kuɗi mai tsoka. Masu shagon ma sun sani, da wuya ka tsince shi a tuli.

Mai ringgit 50 zuwa 200 shi ya fi yawan zaɓi, kuma a nan kuɗi ya fi yin aiki. Akwai Brands Outlet da Padini, na kamfanin cikin gida. Akwai Uniqlo, wanda ya buɗe kantinsa na farko a Malesiya a 2010 a Fahrenheit 88 da ke Bukit Bintang, yana kuma rage tsawon wando a cikin kantin. Akwai Sogo a titin Tuanku Abdul Rahman, inda ragin farashi kan sauko da manyan sunaye zuwa wannan mataki, ga tsohon ginin Pertama Complex kusa da shi mai ƙananan shaguna da teloli. Sungei Wang Plaza da Berjaya Times Square suna da shaguna barkatai, sai dai can ido da hannu ne za su yi maka aiki: juya wandon, ka duba ko ɗinkin ya miƙe, ko an ninka shi a mahaɗar ƙafafu da bakin aljihu, ko madaukan bel sun kafu, ko zif ɗin ƙarfe ne. Lokaci ma kuɗi ne. Ana karya farashi gab da Ƙaramar Sallah, da sabuwar shekarar Sinawa, da ƙarshen shekara, da ranakun 11 ga Nuwamba da 12 ga Disamba a kasuwannin intanet.

Ɗan kasuwar da ya zo sari zai ji labarin Kenanga Wholesale City a yankin Pudu, inda farashi ke sauka gwargwadon yawan abin da ka ɗauka. Kafin ya ɗaure kaya ya warware dozin guda ya ɗora tef a cinya da tsawo, ya kuma nemi a ƙara masa manyan lambobi. Abin da ya shiga samarin Pudu ba lalle ya shiga samarin Fagge ba.

Daga ringgit 200 zuwa sama an shiga sahun Levi's da takwarorinsa a Pavilion da Suria KLCC da Mid Valley. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka na gaske shi ne yawan yanka da yawan tsawo, wato dama ga mai wuyar ƙira, da tabbacin cewa in lamba ta karɓe ka za ka sake samun ta baɗi. Mai son sunan da rangwame ya leƙa Mitsui Outlet Park kusa da filin jirgin sama a Sepang, wanda aka buɗe a 2015, ko kantunan rangwame na Genting Highlands. Can saman kuma akwai jins na Japan, musamman na Kojima a lardin Okayama, wanda ake saƙawa a tsofaffin masaƙu masu ƙoshiya, yadin ya fito siriri da rufaffen gefe, sau da yawa da jan zare a bakinsa. Aiki ne mai kyau, kuma yana tsufa da kyau. Amma yawancinsa mai nauyi ne, wani ba a taɓa wanke shi ba, wani ma zai shiga sosai a wankin farko. Wanda zai saye shi ya saya don sha'awa, da sanin cewa an yi shi ne don ƙasa mai sanyi.

Tsakanin waɗannan matakai akwai rami guda: jabu. Titin Petaling ya shahara da kayan da ke ɗauke da manyan sunaye a ƙaramin farashi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar jabu ita ce kuɗin da ya kamata ya tafi ga yadi da ɗinki ya tafi ga kwaikwayon alama. Wando marar suna na ringgit 70 wanda aka ɗinka da gaskiya ya fi mai sunan aro na farashi ɗaya.

Wanki a garin laima

Masu sha'awar jins a Turai da Japan suna ba da shawarar a yi wata shida ba a wanke sabon wando ba, don koɗewarsa ta fito da kyau. Wannan shawarar mutanen sanyi ce. A Kuala Lumpur gumi da datti suna taruwa a zare su ci shi, fata ma ta ɗauki rabonta. Wanke shi idan ya sha gumi ko ya fara wari, amma da lura: a juye, a ja zif, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, babu bilic. Injin busarwa na shagunan wanki masu karɓar tsaba yana da jaraba a ranar ruwa, sai dai zafinsa yana tsuke auduga yana kashe zaren talewa. In dole ne, zaɓi zafi mafi ƙasa. Abin da ya fi shi ne a shanya shi a juye inda iska ke ratsawa, ko gaban fanka, aljihu a waje, kuma kada a ninke shi sai ya bushe ƙarau. Wando biyu da ake musanyawa sun fi daɗewa a kan guda da ake sawa kullum. In mahaɗar ƙafafu ta fara yin shara-shara, a kai wa tela ya ɗora ƙyalle ta ciki tun kafin ta huje.

Wani binciken da kamfanin Levi's ya fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa wando 501 guda yana cin ruwa lita 3,781, daga gonar auduga har wankinsa na ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa hujjar sayen kaɗan masu kyau. Lissafin aljihu ma haka ya nuna: wandon ringgit 150 da aka sa sau ɗari uku ya tashi rabin ringgit kowace sawa, na ringgit 40 da ya matse cinya aka sa sau biyar aka jefar ya tashi ringgit takwas.

Idan lokacin komawa gida ya matso, saƙo zai fara shigowa: "Yaya, a taho min da jins, 32 nake sawa." Amsar da za ta tsirar da kuɗinka ita ce, "Shimfiɗa wandonka ka auno min ƙugu da cinya da tsawo." In kuma kuɗin bai kai ga duk abin da rai ke so ba, a gare ka ko a gare shi, akwai jerin abin da ake sadaukarwa. A fara barin suna, sannan kanti mai sanyi, sannan launin da aka so, sannan sabunta, domin gwanjo mai kyau wando ne. Yalwar cinya da tsayin hantsa su ne ba a taɓawa, ko nawa aka rage maka.